Hoton wanki da hoton waya

Yau maganar hoto na kawo maka. Kada ka ce wannan zancen ƴan birni ne. Laluba aljihunka, ko na ɗanka, za ka tarar da waya, cikin wayar nan kuwa akwai hotuna fiye da dammunan geron da ke cikin rumbunka. Saboda haka maganar ta shafe ka.

Ga abin da ya tayar da ita. A ajinmu na yaƙi da jahilci, cikin wani ƙauye kusa da Madarunfa, mun zo kan baƙin "h". Na ce kowa ya kawo kalmar da ta fara da shi. Aka ce hatsi, aka ce hula, aka ce hanya. Wani dattijo, masunci ne tun yana yaro, ya ce hoto. Na rubuta a allo. Sai ya ce: "Malam, ni ina da guda. Gobe zan kawo ka gani." Washegari kuwa ya zo da shi, naɗe cikin tsumma, tsumman cikin jakar fata inda yake ajiye takardun gona.

Bari in kwatanta maka shi, tun da ba ka gani ba. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. Baƙi da fari ne. Gefensa fari, an yanke shi da ƴan haƙora kamar bakin zarto. Samari biyu ne a ciki. Ɗaya yana zaune bisa kujera da rediyo a cinya. Ɗayan yana tsaye, ya ɗora hannu a kafaɗar abokinsa, ya kuma janye hannun riga don agogo ya fito fili. Bayansu an rataya zane mai furanni. Babu mai murmushi. Duka biyu sun kafa wa mai hoto ido kamar suna gaban alƙali. Idan ka matso da shi kusa da fuska kana iya ganin ɗinkin wuyan riga, da tsagen da ke kumatun na tsaye, har da ƙurar da ke bisa takalman na zaune.

Na tambayi dattijo yaushe aka ɗauka. Ya ce: "Shekarar da Kantu ya zama sarkin kokowa a Tawa." To, wannan lissafi ne mai kyau, don Yakuba Kantu na Maraɗi ya ci gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa cikin 1975. Ka ga hoton ya kai shekara 50. Ya ce sun kai kifi Maraɗi shi da abokinsa, suka sayar, suka yi shawara su shiga wurin mai hoto. Sun yi wanka, sun sake riguna. Mai hoto ya zaunar da su, ya gyara ma wannan hula, ya ɗaga ma wancan haɓa, ya ce kowa ya riƙe numfashi. Sau ɗaya ya danna. Ya ce su komo bayan mako guda. Dattijo ya ce a makon nan bai yi barcin kirki ba, yana ta tunanin yadda zai fito. Na ce: "Baba, agogon fa yana ina yanzu?" Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce: "Agogon mai hoto ne, malam. Rediyon ma nasa ne." Abokin nasa ya daɗe da rasuwa. Duk duniya babu wani wuri da fuskarsa ta saura sai cikin wannan ƴar takarda.

Hoton ya zagaya aji hannu da hannu. Kowa ya karɓa sai ya goge tafinsa a riga tukuna. Wani saurayi da ke zaune a baya ya ce shi wayarsa tana da hoto sama da dubu. Na ce madalla, nuna mana na mahaifinka na shekara uku baya. Ya ce ai wannan yana cikin tsohuwar wayar, ita kuwa ta faɗa ruwa. Ban yi masa dariya ba, don nima abin ya ci ni. Hotunan sunan ɗiyata ta fari duk suna cikin wata waya da aka zare mini a kasuwa. Yanzu yarinyar tana lakwal, tana tambayata yadda take tana jaririya, sai dai in ba ta labari da baki.

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata ka san yadda kowane ɗaya yake aiki. Ba shi da wuya.

Fim wani siririn ƙyalle ne na roba, mai sheƙi, a naɗe cikin ɗan gwangwani don kada haske ya taɓa shi. An shafa masa wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, cikin danƙon an zuba garin gishirin azurfa. I, azurfa dai da ka sani, wadda maƙeran fari ke yin zobe da ita. Wannan gishiri ba ya jure haske. Idan mai hoto ya danna, wata ƴar ƙofa ta buɗe ta rufe kafin ƙiftawar ido, hasken da ya taso daga fuskarka ya shiga ya taɓa fim. Shi ke nan, kamanninka ya zauna. Amma da za ka duba a lokacin ba za ka ga komai ba, kuma buɗewar da ka yi a sarari ta ɓata shi ke nan har abada. Sai an shiga da shi ɗaki mai duhu ƙirin, an tsoma shi cikin ruwan magani na farko, wanda ke baƙanta duk inda haske ya taɓa. A tsoma cikin wani, wanda ke cire sauran gishirin da haske bai taɓa ba. A ɗauraye da ruwa mai yawa, a shanya. Daga nan ne muka samo kalmar "wanke hoto". Wanki ne na gaske, da ruwa da shanya.

Abin da ya fito daga wankin nan shi ake kira negatif. Ni ina ce masa uwar hoto. Komai nata a juye yake: baƙin mutum ya fito fari, farar riga ta fito baƙa. Daga jikinta ake haifar hotuna, a haska fitila ta cikinta zuwa bisa takarda mai irin wannan gishiri, a sake tsomawa a ruwan magani. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina zai gane abin da nake nufi. Zane yana fitowa daga rijiyar baba kore-kore, yana shan iska a gabanka yana komawa shuɗi. Haka takarda take shiga ruwa fara fat, a ƙarƙashin jar fitila, sai ido ya fara bayyana, sai hanci, sai hula. Uwa ɗaya tana iya haifar hoto goma, ko ɗari, yau ko bayan shekara 40. Naɗin fim ɗaya na ƙananan kyamarori yana cin hoto 24 ko 36. Manyan da ake leƙawa ta sama, irin na masu shago, 12 kawai suke ci.

Dattawa sun ce kafin wannan ma akwai masu akwatin katako mai ƙafa uku, da ke zama a inuwa kusa da kasuwa suna yi wa mutane hoton katin shaida. Mai hoto ya cire murfi ya ƙirga a zuci ya mayar, ya zura hannu cikin akwatin ta wani hannun riga baƙi, ya yi wankin a ciki da lalube. Ɗakin duhunsa ke nan, yana ɗauke da shi a kafaɗa.

Hoton waya kuwa babu azurfa, babu ruwa. A bayan ƙaramin gilashin nan akwai wani ɗan faranti da bai kai farcen yatsa ba, an rarraba shi gida-gida har miliyoyi. Kowane gida yana auna hasken da ya faɗo masa, ya mayar da shi lamba. Tarin lambobin nan su ne hoton. Muddin waya na da rai da caji, tana karanta lambobin ta nuna maka fuska. Ranar da ta mutu, ko katin ya lalace, babu abin da za ka ɗaga a rana ka duba. Wani abin mamaki, kamfanin Kodak na Amurka, wanda ya fi kowa cin kasuwar fim, a cikin gidansa aka ƙera kyamara ta farko mai aiki da lambobi. Wani injiniyansu, Steven Sasson, ya haɗa ta a 1975, shekarar da dattijonmu ke zaune gaban mai hoto a Maraɗi. Nauyinta ya kusa kilo 4, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto guda a kaset. Jikokin wannan na'ura ne suka karya kasuwar fim, har Kodak ya kai kansa kotu a 2012 yana neman kariya daga masu binsa bashi.

To, ga labarin da ya sa na ce a tsaya a duba. Fim bai mutu ba. A Turai da Amurka da Japan samari da ƴan mata, waɗanda aka haifa waya na hannun iyayensu, sun koma neman tsofaffin kyamarori. Kodak yana yin fim har yanzu. A 2024 kamfanin da ke yin Pentax ya fito da sabuwar kyamara ta fim, bayan shekaru da yawa da daina yin irinta. Suna cewa hoton fim ya fi daɗi, ya fi rai, ya fi gaskiya. Shin haka ne? Ko kuwa ƙoshi ne ya yi musu yawa?

Don in auna maganar, na je na duba aikin gwanayen fim na yankinmu. Kuma in gaya maka gaskiya, a cikin waya na gan su. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Na farko shi ne Saidu Keita, mutumin Bamako ta ƙasar Mali. Ya buɗe shagonsa a 1948, ya yi aiki a ciki har farkon shekarun 1960, ya rasu a 2001. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana. Zanen da ya fara ratayawa a bayan mutane, abin rufin gadonsa ne. Uwar hotonsa babba ce, santimita 13 da 18, ta fi tafin hannunka. Irin wannan tana da tsada, saboda haka sau ɗaya yake dannawa ga kowane mutum. Shi ma yana da kayan aro kamar mai hoton Maraɗi: agogo, rediyo, alƙalami, tabarau, babur.

Akwai wani hotonsa da na daɗe ina kallo. Saurayi ne cikin farar kwat, da tabarau, da alƙalami a aljihu, ya riƙe fure guda a gaban ƙirji. Dubi yatsun. Dogaye ne, ya riƙe furen a hankali kamar mai tsoron kada ya ji masa ciwo. Fuskar ba ta dariya, ba ta fushi. Akwai wani kuma na mace a kishingiɗe, ta tokare da gwiwar hannu. Rigarta mai zane, shimfiɗar mai zane, labulen baya mai zane. Da wani ne ya ɗauka, da idonka ya rikice. Amma Keita ya san inda zai tsayar da ita, har duk wannan hayaniyar zane ta koma tana yi wa fuskar hidima, ido ya zagaya ya zagaya ya komo kan goshinta. Ga baƙar fata kuwa ta fito da dukan matakanta, daga hasken da ke kan kumatu zuwa inuwar ƙarƙashin haɓa, babu inda ta dunƙule ta zama baƙin tabo.

Ni a ganina ƙarfin Keita daga dannawa ɗayan nan yake. Wanda ke da harsashi guda ba ya harbin iska. Dole ya duba haske, ya gyara zaman mutum, ya jira har kafaɗa ta sauka, ido ya natsu. Shi ma wanda ake ɗauka ya san sau ɗaya ne, kuma ya biya kuɗinsa, sai ya tattaro kansa gaba ɗaya ya kawo gaban gilashi. Abin da ke cikin idon dattijonmu da abokinsa ke nan. Mutane biyu ne, mai ɗauka da wanda ake ɗauka, suka haɗu suka ba abu guda muhimmanci na ɗan lokaci. A hoton waya da wuya ka sami haka. Ana dannawa sau goma a jere, ana cewa cikin goman ɗaya zai yi kyau, a ƙarshe babu wanda aka tsaya aka zaɓa.

Kada ka ɗauka fim sai mutum ya sandare. Malik Sidibe, shi ma na Bamako, yawon wuraren rawa yake da kyamara cikin dare. Hotonsa da ya fi suna na 1963 ne: saurayi da budurwa suna rawa a tsakar gida, kawunansu sun kusa haɗuwa, kowa yana kallon ƙafafu, ita ko takalmi babu. Babu wanda ya kula da mai hoto. Kana kallo kana jin kamar kiɗan na tashi ƙasa-ƙasa. A 2007 aka ba shi babbar kyautar baje kolin fasaha ta birnin Banis a Italiya, ya rasu a 2016. Mu ma a Nijar muna da namu. Filip Kujina, haifaffen Kwatano a 1940, a Yamai ya yi rayuwarsa, ya bi gidajen rawa da wuraren shaƙatawa na babban birni yana ɗaukar samarin shekarun 1960 da 1970. Wanda ke son ya ga yadda Yamai ta yi ado da murna bayan samun mulkin kai, wurinsa zai je. Ya rasu a 2014.

Yanzu bari in juya wa masu yabon fim baya kaɗan, don sun faɗi abin da ban yarda da shi ba.

Suna cewa fim ba ya ƙarya. Wa ya gaya musu? Agogon dattijo na aro ne. Jikansa da zai ga hoton bayan shekara 30, babu mai ba shi labari, sai ya rantse kakansa mai rediyo ne tun yana saurayi. Masu shago kuma suna da fensir da suke bi da shi bisa uwar hoto su share ƙurji, su gyara gira. Gaskiya ne waya ta fi su iya wannan aiki nesa ba kusa ba. Tana goge tsage, tana sulɓe fata, tana hasken fuska ba tare da ka roƙe ta ba, har yarinya baƙa kyakkyawa ta ga kanta a waya ta fara raina wadda take gani a madubi. Wannan ya fi agogon aro illa. Yau kuma kwamfuta tana iya ƙirƙiro hoton mutumin da ba a taɓa haifa ba. Ta wannan fuska uwar hoto tana da wata daraja, don ita sai haske ya taso daga jikin wani abu ya taɓa ta. Amma daraja ce ta shaida, shaida kuwa ana iya shirya shi tun kafin ya shiga gaban alƙali.

Suna cewa fim ya fi iya fitar da mutum. Baƙi da fari a hannun gwani, na yarda. Mai launi fa? Shekaru da yawa masu yin fim mai launi da farar fata suke gwada kayansu, hoton Baturiya ne ma'aunin da ake rarraba wa masu wanki. Shi ya sa a tsofaffin hotuna masu launi za ka ga baƙin mutum ya zama inuwa, haƙora da fararen ido kawai suka fito. Kuma je ka buɗe akwatin gidanku ka ciro hotunan biki masu launi na shekarun 1980 da 1990. Da yawa sun koma ja-ja ko rawaya, fuskoki suna narkewa. Hoton dattijo ya girme su, ya kuma fi su lafiya, don azurfa ta fi rini daɗewa, kuma wanda ya wanke shi bai yi rowar ruwa ba. Baƙi da fari da aka ɗauraye sosai yana wuce shekara 100. Ko shi ma yana da maƙiya a ƙasarmu: gara, laima, zafin ɗakin kwano. Uwar hoto in ta sha zafi da danshi sai ta fara warin tsami, ta lanƙwashe, ta mutu.

Sai maganar kuɗi, wadda masu yabo ba su cika son a tayar ba. Fim ya yi tsada ko a can inda ake yin sa. Ka sayi fim, ka biya wanki, ka biya bugawa. Shagunan hoton da muka sani a Maraɗi sun koma aiki da kwamfuta. Mutumin Gabi ko Ɗan Isa da zai ce yau shi sai fim, ya ɗauko wa kansa tafiya da ɗawainiya da suka fi ƙarfin ribar gonarsa. Ruwan maganin da aka yi wanki da shi kuma yana ɗauke da azurfa, guba ce ga kifi. Ba abin da za mu so a zubar kusa da tabkinmu ba ne. Su kansu samarin Turai, da yawansu in an wanke fim ɗin sai a mayar musu da shi lambobi a tura musu a waya, su watsa a Instagram. Wasu ko uwar hoton ba sa komawa karɓa. Ka ga sun biya kuɗin doki sun koma gida a ƙasa.

Waya kuma ta yi mana abin da fim bai taɓa yi ba. Manomi ya ga tsutsa a zangarniya, ya ɗauka ya tura wa malamin gona kafin ta cinye gonar. Mai rago a Madarunfa ya nuna wa mai saye a Katsina ko Yamai tun bai ɗora shi a mota ba. Tsohuwa ta ga fuskar ɗanta da ke ci-rani a Agadas ko Libiya, ta san yana da rai, ta ga ko ya rame. A zamanin fim, talakan ƙauye sau nawa ake ɗaukarsa a rayuwa? Sau ɗaya, sau biyu, wani sai don katin shaida. Matan karkara da yawa sun zo duniya sun koma babu hotonsu ko guda. Dattijonmu yana da na abokinsa, amma ba shi da na mahaifiyarsa. Kuma na ce ka riƙe wata magana: ni ɗan Madarunfa, da ba don waya ba, ina zan ga aikin Saidu Keita?

Saboda haka ga inda na tsaya. Masu komawa fim sun ji ƙishirwa ta gaske, amma ina jin sun ɗauka a cikin gwangwanin fim ruwan yake. Abin da ya sa hoton dattijo ya tsayar da aji guda cik, har aka manta da baƙin "h", abu uku ne da na gani da idona. An shirya masa kafin a ɗauka. An jira shi. Sa'an nan ya zama abu a hannu, mai gaba da baya, wanda ake naɗewa a tsumma, a ba magaji. A cikin ukun nan babu wanda ya gagari mai waya. Ranar salla, maimakon dannawa hamsin a tsaitsaye, a zaunar da tsoho a inuwa mai haske, da safe ko da la'asar lokacin da rana ba ta dukan tsakar ka. A gyara masa rawani. A kashe abin nan mai sulɓe fuska, a bar masa tsagensa da furfurarsa. A cikin na shekara duka a zaɓi biyu ko uku, ranar da aka shiga Maraɗi a kai shago a buga su a takarda mai kyau. Bugun yau ba lalle ya kai ƙarkon na azurfa ba, amma in an ɓoye shi daga rana da laima zai ga bayan waya biyar.

Saura abu guda, shi ne ya fi damuna, kuma a nan ko gwanayen sun gaza. Mutanen da ke cikin hotunan Keita, yawancinsu ba a san sunansu ba. Saurayin nan mai fure, hotonsa ya zagaya duniya, an rataye shi a manyan gidajen kallo na Faransa da Amurka, a ƙarƙashinsa an rubuta "babu suna". Ɗan wa ne? Me ya zama? Shi kansa Keita, da aka fara nuna aikinsa a birnin New York a 1991, cewa aka yi aikin wani mai hoto ne na Bamako da ba a sani ba, sai daga baya aka bi sawu aka same shi da ransa, da uwayen hotunansa a ajiye. Azurfa ta riƙe fuska shekara 70, ta kasa riƙe suna.

Na juya hoton dattijo. A baya akwai hatimin shago da ya kusa gogewa, ban da shi babu komai. Na ce: "Baba, in ba ka nan, wa zai faɗi ko su wane ne waɗannan?" Ya yi shiru. Ya ce ƴaƴansa sun san shi, amma abokin sai dai su ce wani ne. Na ce to ai yanzu ka iya baƙaƙe. Ya ce hannunsa na rawa, kada ya ɓata. Muka yi shawara ya fara gwadawa a allo. Kwana uku yana gwaji. Sunan abokin yana da "ɗ" a ciki, ƙugiyar nan kuwa kullum sai ta juya masa ta koma wancan gefe.

Ran na huɗu na ba shi fensir mai taushi, don biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana iya ratsawa ta ɓata fuska. Ya ɗora hoton a kife bisa littafi, ya durƙusa, ƴan aji suka kewaye shi babu mai tari. Ya rubuta sunansa. Ya rubuta na abokin, ƙugiyar ta tsaya daidai. A ƙasa ya sa Maraɗi, ya sa 1975. Ya ɗago ya ce: "Malam, a ƙara cewa agogon na aro ne?" Ƴan aji suka ce a ƙara. Wurin ya yi kaɗan, sai da ya karkata layin ya hau gefe.